Yadda Ake Ɗaga Tsohuwar Mota a Kan Lif Ba Tare da An Lahanta Ta Ba

Tambaya guda ce take ta dawo mini daga bakin mutane daban-daban. Wannan ya gaji Fijo 504 ta mahaifinsa, wadda ta yi shekara 12 tana fake a gindin mangwaro a Samaru. Wancan ya sayi Volkswagen Beetle a hannun wani tsohon ma'aikacin reluwe a Sabon Gari. Wani kuma Marsandi 200 ce yake son ya tayar kafin bikin 'yarsa. Kowannensu yana so a leƙa ƙarƙashin motar a ga abin da ya rage, kuma ya ji an ce gareji kaza ya kafa lif, wato na'urar nan mai ɗaga mota sama har mutum ya shiga ƙarƙashinta a tsaye. Sai su ce: "Malam, a ina ake sa hannuwan lif ɗin? Kuma anya za ta jure?"

Ina yaron gareji aka kawo mana wata 504 wagon, an yi mata sabon fenti tana ta sheƙi. Muka sa hannuwan lif daidai inda aka saba sawa, aka danna maɓalli. Taya ba ta ma bar ƙasa ba muka ji ƙara kamar an taka ɓawon gyaɗa. Faifan da ke bakin hannun lif na baya ta dama ya nutse cikin ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa, tsatsa da busasshen taɓo suka zubo. Daga ranar ƙofar baya ba ta ƙara rufuwa daidai ba. Mai motar dattijo ne, sabuwa dal ya saye ta da guminsa. Bai yi faɗa ba, salati kawai ya yi, ya dafa rufin motar ya daɗe a tsaye. Har yau ina ganin hannun nan nasa.

Littafin mota yana nuna inda ƙarfenta yake da ƙwari ranar da ta fito daga kamfani. Kamfanin PAN na Kaduna ya fara haɗa Fijo a 1975, don haka da yawa daga cikin waɗanda ake kawo mana sun haura shekara 40. Inda ƙarfen yake da ƙwari a yau kuwa, guduma da hannunka ne za su gaya maka.

1. Zaɓi irin lif ɗin da ya dace

Iri biyu za ka fi cin karo da su a Zariya da Kaduna. Mai ginshiƙi biyu yana da hannuwa huɗu da ake zurawa ƙarƙashin mota, ya ɗaga ta tayoyinta suna reto. Mai ginshiƙi huɗu kuwa mota ce take hawa dogayen faranti biyu, ya ɗaga ta tana tsaye a kan tayoyinta. Masu saita ƙafar mota sun fi amfani da shi. Sai ramin da muka tashi muka tarar, wanda har gobe yana da ranarsa.

Motar da ba a taɓa bincikar ƙarƙashinta ba, a fara da mai ginshiƙi huɗu ko rami. A kan wannan ba ni da shakka. Mai ginshiƙi biyu sai idan aikin yana buƙatar cire tayoyi, kuma bayan an yi binciken da zan zayyana a mataki na 3.

Nauyi ba shi ne abin tsoro ba. Yawancin masu ginshiƙi biyu suna ɗaukar kilo 4,000, wato kowane hannu kilo 1,000. Fijo 504 tana tsakanin kilo 1,200 da 1,300, Marsandi ƙirar W123 kusan kilo 1,400, Beetle kuwa ba ta kai 900 ba. Abin tsoron shi ne nauyin da ya saba bi ta sifirin da tayoyi ya sauka ƙasa, yanzu zai taru a wurare huɗu, kowanne faɗinsa bai wuce tafin hannu ba.

2. Kayan aiki da kuɗin da za ka tanada

Kana buƙatar tocila mai haske sosai, ƙaramar guduma, sukudireba mai faɗin baki, burushin waya, maganaɗisu, alli, tef ɗin takarda irin na masu fenti, abin awo, da waigi biyu. Sai dogayen tokare guda biyu masu murɗi, waɗanda ake kafawa gaba da baya idan mota ta yi sama. Garejin da ya kafa lif ya kamata ya mallake su. Ka tambaya kafin ka kawo mota.

Abu na ƙarshe shi ne katako, kuma nan zan ɗan tsaya. Ka je wurin kafinta ya yanko maka guda huɗu daga itace mai tauri, maɗaci ko ƙirya, kowanne tsawon santimita 25 zuwa 30, faɗin 10, kaurin 5. A tsaga wa guda biyu ko duka huɗun rami mai faɗin santimita 1 da zurfin 2, inda leɓen ƙarfen ƙarƙashin ƙofa zai shiga ya zauna. Tsagar ta gitta jijiyar itacen idan gajeren katako ne. Wanda aka tsaga ta bin jijiya yana iya darewa biyu da nauyi ya hau. Aikin katakon shi ne baza nauyi a kan ƙarfe mai faɗi.

Hattara: kada a jera katako biyu ko uku don a ƙara tsawo, kada kuma a sa bulo ko dutse. Ƙarin tsawo yana da nasa ƙarfen da ake zurawa a bakin hannun lif, wanda ya zo tare da na'urar.

Batun kuɗi, a gama magana tun mota tana ƙasa. Wasu garejojin suna karɓa a kan kowace hawa, wasu a kan awa, wasu yini. Tsohuwar mota tana cin lokaci, za a iya ɗaga ta a sauke sau uku kafin a sami zama mai kyau, saboda haka cinikin yini ya fi maka sauƙi. A kuma san wanda zai sayi man janareta. Ƙara da kuɗin janyo motar idan ba ta tashi, da na wanki, da na kafinta, wanda shi ne mafi araha a cikinsu. Ka ajiye wani abu gefe saboda mai walda, don da wuya a bincika motar da ta kai waɗannan shekaru a rasa inda za a ɗinke. Duk wannan bai kama ƙafar wahalar neman gilashin gaban Fijo 404 ba idan jikin ya murɗe ya tsage shi. Sai ka karaɗe Panteka a Kaduna ka dangana da Kano.

3. Wanke ƙarƙashinta, ka nemo tsatsa

Kwana ɗaya kafin ranar aiki a kai ta wurin masu wanki da injin feshi, a wanke ƙarƙashinta tas, musamman kwarin tayoyi da gefen ƙofofi, a bar ta ta bushe. Idan ba ta tashi, bokiti da burushi a gida sun wadatar.

Mu nan ba mu da iskar teku mai gishiri irin ta Legas ko Fatakwal, ba a kuma watsa gishiri a titi kamar yadda ake yi a Turai lokacin ƙanƙara, shi ya sa motocinmu suke daɗewa. Namu ciwon jan taɓo ne. Damina tana cusa shi cikin dogon ƙarfen nan mai rami da ya miƙe ƙarƙashin ƙofofi, wanda zan riƙa kira dokin ƙofa. Sai ya toshe ƙananan hujojin da ruwa ke fita, ya riƙe danshi har tsakiyar hunturu. Tsatsa tana ci daga ciki, fentin waje yana nan sumul. Motar da ta zauna a Kudu ko ta shigo daga Turai kuwa, ka ninka zarginka.

Hattara: motar da ta yi shekaru a fake gida ce ga wasu halittun. Kunama, ɓera, rina, har maciji. Ka bubbuga jikinta, ka haska da tocila, kafin ka zura hannu ko'ina. Gara su fito tana ƙasa da su faɗo wa mutum a ka tana sama.

Yanzu ka kwanta a gefenta a kan tabarma ko kwali. Bi dokin ƙofa daga tayar gaba zuwa ta baya kana ƙwanƙwasawa da guduma, taƙi bayan taƙi. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi, gudumar ta dawo maka. Ruɓaɓɓe yana yin dum, ko ka ji ɓarɓashi yana zuba a ciki. Duk inda ka yi shakka, danna bakin sukudireba da ƙarfin hannunka. Mai mota zai ce, "Oga, a hankali, kada ka huda mini ita." Ka amsa masa da ladabi: "Ranka ya daɗe, inda sukudireba ya huda, lif zai fi shi hudawa." Ban taɓa faɗa wa wani haka ya ƙi fahimta ba.

Maganaɗisu shi ke tona asirin gyaran da aka rufe. Ka bi da shi a kan fenti. Inda ya ƙi kamawa a jikin ƙarfe, an cike wurin da bodi fila ne, wato ƙullun da masu fenti ke cike lotsa da shi, kuma bodi fila ba ya ɗaukar nauyin komai. Haka nan baƙar kwaltar da ake shafawa a ƙarƙashi: idan ta yi kauri a wuri ɗaya fiye da sauran, kankare ta ka ga abin da take ɓoyewa. Sannan ka buɗe ƙofa, ka ɗaga kafet, ka duba daɓen daga ciki, ƙarƙashin ƙafar direba da ta mai zaman gaba. A Beetle ka ɗaga kujerar baya, don a nan batir yake zaune, kuma ruwan batir da ya yi shekaru yana ɗiga yakan cinye daɓen wurin.

Kafin ka tashi, yi abu biyu. Zana da'ira da alli a kowane wurin da ya amsa da kyau, ka sa gicciye a wanda ya gaza. Sannan ka manna tef ya gitta tsagar da ke tsakanin kowace ƙofa da jikin mota, sama da ƙasa, ka ja layi a kansa, ka yanka shi ta tsagar. Waɗannan layukan su ne za su gaya maka idan jikin ya fara lanƙwasa.

Idan ba ka sami wurare huɗu masu ƙwari ba, biyu gaba biyu baya, na dama yana daidai da na hagu, to motar nan ba ta hawa lif mai ginshiƙi biyu. A kai ta mai huɗu, ko rami, ko a fara da mai walda. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

4. Bincika lif ɗin shi ma

Lif ɗin da ke garejojinmu da yawa na hannu ne, an kwance su daga wani wuri an sake kafawa. Ba laifi ba ne, amma sai an duba. Fara da ƙasa: kusoshin da suka riƙe gindin ginshiƙi su kasance a ɗaure, kankaren da ke kewaye da su ba tsaga. Masu ƙera irin wannan na'ura ba sa yarda da kankaren da kaurinsa bai kai santimita 10 ba, wasu ma 15 suke nema, kuma sai ya yi kwana 28 da zubawa. Idan daɓen siminti ne na shago aka huda aka kafa, ka mai da motarka gida.

Sa a ɗaga shi babu kaya har ƙarshe, a sauke. Ka saurari sakatun tsaro, masu tare lif kada ya faɗo: ƙas, ƙas, ƙas, na dama da na hagu suna faɗawa tare. Idan ɗaya yana riga ɗaya, igiyoyin ƙarfen da ke daidaita ɓangarorin biyu suna son saiti. Dubi igiyoyin ko wani zare ya tsinke, dubi silinda da tiyo ko mai yana tsatsafowa. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da tsohon giris takan daskare ta riƙe sakata, sai a wanke a sa sabo. Ɗaga hannuwan kamar taƙi ɗaya daga ƙasa ka tura kowanne gefe. Haƙoran da ke gindinsa su kulle shi, kada ya motsa. Robar faya-fayan kuma kada ta zama ta cinye ko ta jiƙe da baƙin mai.

Hattara: akwai inda za ka tarar an ɗaure sakata da waya don kada ta dame su wajen saukewa. Wannan ganganci ne da ran mutane. Ko dai a kwance wayar a gabanka, ko ka tafi.

Ka tambayi maganar wuta. Injin irin wannan lif yawanci kilowat 2.2 ne, kuma lokacin tashi yana jan ninkin haka sau da yawa. Ƙaramin janareta zai yi gurnani ya mutu. A tayar da na garejin a gwada tun yanzu.

5. Shigar da mota, ka daidaita nauyinta

Kwashe duk abin da ke cikin but da kujeru: tsohon batir, jarkoki, kayan gyara. Ka tuna lita 50 na fetur sun kai kusan kilo 37, kuma a yawancin motocin nan tanki ta baya yake, a Beetle kuwa ta gaba. Sauke kariyar ɗora kaya daga rufi idan akwai, kwantar da eriya, rufe bonet.

Motar da ta daɗe a ajiye ba a tuƙa ta a shiga tsakanin ginshiƙai, ko da ta tashi. Birkinta ba abin dogaro ba ne. A sa ta firi, mutum uku su tura, ɗaya yana riƙe da sitiyari, wani kuma yana biye da tayar baya da waigi a hannu. Wasu lif ɗin suna da tudun ƙarfe a ƙasa tsakanin ginshiƙan biyu. Ka duba kada salansar da ta zazzago ta kama shi. Idan sifirin ya zauna har hannuwa ba sa shiga ƙarƙashi, a shimfiɗa faffaɗan katako a ƙasa tayoyi su hau.

Tazarar mota da ginshiƙin dama ta zama daidai da ta hagu; auna, kada ka ƙiyasta. Sai maganar gaba da baya. Kowace mota tana da wurin da, in aka tokare ta a nan, ba za ta rinjaya gaba ko baya ba. A motar da injinta ke gaba tana ja da baya, irin su Fijo 404 da 504 da Marsandi, wurin yana wajen ƙarƙashin kujerar direba. Beetle injinta a baya yake, kusan kashi 60 na nauyinta yana kan tayoyin baya, don haka nata yana bayan kujerar direba. Idan hannuwan lif huɗun tsawonsu ɗaya ne, wannan wuri ya zo daidai tsakanin ginshiƙan. Idan na gaba gajeru ne na baya dogaye, to an ƙera shi ne don kusan kashi 30 na tsawon mota ya wuce gaban ginshiƙai, kashi 70 ya rage a baya. Ga Beetle na fi son mai hannuwa daidai wa daida.

Da ta tsaya, sa waigi gaba da baya, kashe inji, zare makulli, cire kan batir na nagatif. Tsofaffin wayoyi da warin fetur ba sa son tartsatsi. Kowa ya fito, a rufe ƙofofi.

6. Inda hannuwan za su kama

Nan ne allin da ka zana zai yi aiki. Ƙa'idar ita ce a nemi ƙarfe mai kauri inda ƙafafun mota suka kama jikinta, kuma hannuwan su buɗe gaba da baya iya yadda za su iya, don zama ya yi faɗi.

Fijo 404 da 504 na fasinja ba su da shasi daban. Jikin shi ne ƙashin bayansu. A gaba ka nemi dogayen ƙarafa biyu da suka fito daga ɗakin inji suka bi ƙarƙashin daɓe, ka kama su a bayan tayar gaba. A baya ka kama kusa da inda ƙafar baya ta haɗu da jiki, gaban tayar baya kaɗan. Dokin ƙofa sai idan ya ci jarrabawar guduma daga farko har ƙarshe, kuma da katako mai tsaga. A 504 salun tayar safaya tana rataye ne a ƙarƙashin but; tabbatar ƙugiyarta ba ta ruɓe ba kafin wani ya tsaya a wurin.

Marsandi W123, wadda aka ƙera daga 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1980, tana da ramuka huɗu a dokin ƙofa inda ake zura jak ɗinta. Idan murfin robarsu ya faɗi, ruwa da taɓo suna shiga, shi ya sa kewayensu yake cikin wuraren da suka fi ruɓewa a wannan mota. Kada ganin ramin ya sa ka amince da wurin. Ƙarafan shasi na bayan tayar gaba, da gindin da ƙafar baya ta ɗauru, sun fi aminci.

Beetle gajera ce, santimita 240 ne tsakanin tayar gaba da ta baya, kuma jikinta ɗaure yake da kusoshi a kan faranti. A baya ka kama bakin kakkauran bututun nan da ya gitta gaban tayoyin baya, wanda sandunan sifirin suke ciki. A gaba ka kama kusurwoyin da ƙarfen da ya gitta ya haɗu da faranti, in suna da lafiya. Matakalar gefe ba ta ɗaukar mota, tsakiyar daɓe kuma lotsawa yake yi.

Landiroba tana da shasi irin na tsani, jikinta kuma yawanci alminiyom ne. Shasin kansa za ka kama, da ƙarfen ƙarin tsawo. Ƙananan rassan da suka fito daga gefensa suna riƙe jiki, su ne suke fara ruɓewa, tare da ƙarfen ƙarshe na baya. Doguwa ce a tsaye, don haka ka dubi rufin gareji da sandar saman lif.

Hattara: kafin faifai ya taɓa ƙarfe, haska ka ga abin da ke kusa. Bututun birki, bututun fetur da wayar hambirki duk ta ƙarƙashin daɓe suke bi, kuma a tsohuwar mota sau da yawa wani bakanike ya taɓa canja musu hanya. Kaskon baƙin mai, tankin fetur, giyabos, salansa da bamba ba wurin kamu ba ne.

Murɗa kowane faifai sama har dukansu huɗu su kusa taɓa ƙarfe da tazara iri ɗaya. In ɗaya ya yi ƙasa, mota za ta zauna a kan uku, ta riƙa rawa kamar kujera mai gajeriyar ƙafa.

7. Ɗagawar farko: tsayawa uku

A kashe rediyo, a yi shiru. Mutum ɗaya ne a kan maɓalli, ɗaya a ɗaya gefen yana kallo, kuma duk wanda ya ce "tsaya" an tsaya, ko da ƙaramin yaron gareji ne.

Tsayawa ta farko: da faya-fayai sun taɓa ƙarfe. Zagaya ka duƙa a kowanne, ka ga yana tsakiyar da'irar allin, katako ya kwanta sosai, haƙoran hannu sun kulle. In ba su kulle ba, ɗan motsa hannun har su faɗa.

Tsayawa ta biyu: lokacin da jiki ya ɗago amma tayoyi suna taɓa ƙasa. Yanzu rabin nauyi ya koma kan faya-fayai. Ka kasa kunne. Kukan tsohon sifirin da roba ba komai ba ne. Ƙarar ɓarɓashi, ko tsatsa tana zubowa, ko faifai yana shigewa, a sauke nan take.

Tsayawa ta uku: tayoyi sun bar ƙasa da kamar santimita 15. Kama motar ta wuri mai ƙwari a baya ka girgiza ta sama da ƙasa da ƙarfi, ka koma gaba ka yi haka. Idan za ta zame, gara ta zame daga nan. Ka lura ko wani faifai yana rabuwa da ƙarfe. In na gaba ne suke sakewa, nauyi ya yi baya, a sauke a matsar da ita gaba kaɗan.

Sannan ka duba layukan tef ɗin nan. In sun goce, ko tsagar ƙofa ta buɗe a sama ta matse a ƙasa, jikin yana lanƙwasa. Buɗe ƙofa ɗaya a hankali ka rufe. Ƙofar da ɗazu take rufuwa da yatsa, yanzu sai an buga, tana gaya maka wani abu, don ruwa ba ya tsami banza. A sauke, a canja wurin kamu, ko a haƙura a koma mai ginshiƙi huɗu.

Ka kuma leƙa bayan kowace taya. Ƙafafun sun saki har ƙarshe, abin da wataƙila ba su yi ba cikin shekaru. Tiyon birki na roba kada ya miƙe kamar tsirkiya, sifirin kuma kada ya bar mazauninsa; shokazoba da ta tsinke takan bar shi ya faɗo.

8. Hawa sama da zama a kan sakata

Komai ya yi daidai, a ci gaba da ɗagawa ba tare da fizga ba, ido a kan mota, kunne a kan sakatu. Da an kai tsawon da ake so, a wuce ƙas ɗin ƙarshe kaɗan, sannan a danna hannun saukewa har nauyin ya zauna a kan sakatun ɓangarori biyu. Man haidirolik aikinsa ɗagawa. Riƙewa aikin ƙarfe ne. Babu mai shiga ƙarƙashi sai an yi wannan.

Hattara: in aka ɗauke wuta ana cikin hawa, a danna hannun saukewa ta zauna a kan sakata mafi kusa, a jira janareta. Sakin sakata yana buƙatar a ɗan ɗaga motar tukuna, kuma hakan sai da wuta. Kada wani ya ɗauko ƙarfe ya ce zai ɓanɓare ta.

9. Aiki a ƙarƙashinta

Kafa dogayen tokaren nan gaba da baya, a murɗa su har su taɓa ƙarfe mai ƙwari su ɗan kama. Aikinsu hana rinjaya, kada a ɗaga mota da su.

Kuskuren da ya fi kayar da mota daga lif shi ne cire abu mai nauyi. Injin Beetle ya kai kusan kilo 100, kuma can ƙarshen baya yake. Da an zare shi, gaba ya yi nauyi. Haka giyabos, aksul ɗin baya, ko tankin da ke da mai. Kafin a kwance kusa ta ƙarshe, tokare ya kasance a ɗaya ƙarshen.

Notin da ya yi tsatsa ya ƙi kwancewa, a sassauta shi tun mota tana ƙasa. Notocin taya, da babban notin aksul ɗin bayan Beetle mai lamba 36, ba a jan su da dogon fayif mota tana sama. Jijjigar da ake yi tana iya gusar da faifai.

Walda kuma tana da nata sharaɗi. Idan dokin ƙofa ko ƙarfen shasi za a ɗinke, kada a yi shi mota tana rataye a kan hannuwa huɗu, don in jikin ya ɗan lanƙwasa, waldar za ta kama shi a lanƙwashe har abada. A yi tana tsaye a kan tayoyinta, ƙofofi suna rufuwa daidai, an kuma nisantar da fetur.

Wannan kuwa a faɗa wa kowane yaro a gareji tun ranar da ya fara zuwa: in mota ta fara zamewa, ba a tare ta. A bar wurin da gudu, ta ɓangaren da ba nan take faɗawa ba.

In aiki bai ƙare ba magariba ta yi, a sauke ta. Tsofaffin robobin ƙafa ba sa son kwana a miƙe, kuma ba ka san wanda zai shigo garejin da sassafe ba.

10. Saukewa

Fara da cire tokaren duka biyu. Mota ta sauka a kan tokare ɗaya, juyewa za ta yi. Kwashe mazubin baƙin mai, akwatin sifana, wayar fitila. Ka ɗaga murya ka ce za a sauke, ka ga kowa da idonka.

Ɗaga ta kaɗan, saki sakatun duka biyu, riƙe hannun saukewa. Idan ɓangare ɗaya ya tsaya ɗaya yana tafiya, sakata ɗaya ce ba ta saki ba: ɗauke hannunka nan da nan, a sake ɗagawa, a sake saki. Ƙafafun mutane su yi nesa da hannuwan lif. Rage gudu kafin tayoyi su taɓa ƙasa, ka leƙa ka ga sifirin ya koma mazauninsa. Sa waigi, sannan a janye hannuwan gaba ɗaya.

Beetle za ka ga tayoyin bayanta sun tanƙwaso ciki. A tura ta gaba da baya mita biyu ko uku, za su baje. Mai da kan batir, taka birki sau da yawa har ya yi tauri kafin a motsa ta. Duba layukan tef a karo na ƙarshe, ka buɗe kowace ƙofa ka rufe, ka dubi ƙasa ko akwai ɗigon man birki ko fetur, ka shafa wuraren kamun huɗu ka ji ko wani ya lotsa. Sannan ka ɗauki hoton kowannensu da waya tun allin bai goge ba, ka rubuta gaba-dama, gaba-hagu, baya-dama, baya-hagu a jikin katakan, ka ajiye su a cikin but ɗin motar.